Ranar da Na Ɗaure Taubashina

Ni dai tun ina yaro ban taɓa cin abin da ɗan kawuna ya miƙo min ba sai na shinshina. Ba don ƙiyayya ba, a'a, taubashina ne. Uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, shi ɗan namiji, ni ɗan mace, saboda haka a wurinsa ni bawa ne, duk kuwa da na girme shi. Ni kuma ban taɓa kiransa da sunansa ba, Kan Tulu nake ce masa, kuma duk wanda ya ga ƙeyarsa ya san ban yi masa ƙage ba. Wanda bai tashi cikin al'adar nan ba sai ya ɗauka gaba muke yi. To ba haka ba ne. Taubashi yana da izinin ya zage ka, ya yi maka ƙeta, ya kunyata ka a bainar jama'a, in ka yi fushi kuma kai za a yi wa dariya. Ranar da ya daina, ranar ce za ka san akwai magana.

Ƙetar da ya yi min, in na ce zan lissafa sai mu kwana a nan. Ya taɓa zuba min barkono a fura ranar da na yi baƙi. Ya taɓa sace iskar tayar kekena a ƙofar gidan su yarinyar da nake nema, na turo keken nan har gida yana biye da ni yana yi min jaje. Ni ma ba kanwar lasa ba ne. Na taɓa bazawa a kasuwar Roni cewa yana sayen tsofaffin takalma, mutane suka yi ta sallama a ƙofar gidan kawu da buhuna. Haka muka tashi, kuma a kan tabarma ɗaya, domin uwarsa ta rasu yana rarrafe, uwata ta ɗauko shi ta raine shi. Gwaggo yake ce mata, amma duk unguwarmu a Kazaure an san ita ce uwarsa.

Da muka girma hanya ta rabu. Lokacin kuɗin mai ne, ƙafar kowa na ƙaiƙayi. Shi ya koyi walda a Kano, daga nan wani kamfani ya kwashe su zuwa Kudu, can cikin ruwa inda ake shimfiɗa bututun mai, sai su yi wata da watanni ba su taka ƙasa ba. Ni kuwa na zama malamin dabbobi, ina yawo a kan babur tsakanin Roni da Gwiwa da Babura ina yi wa shanu allura. Aikin nan ya ƙara min zargi a kan wanda Allah ya halicce ni da shi. Saniyar da aka yi wa allura da wadda ba a yi wa ba duk ɗaya suke a idon baƙo, shi ya sa nake yawo da shuɗin fenti, duk wadda na soka sai na shafa mata a gadon baya. Abin da ban sa wa alama da hannuna ba, ban yarda da shi ba.

Da fentin nan ya yi min aika-aika a zuwansa na ƙarshe kafin abin da zan faɗa. Ina da wani farin rago da nake kiwo, fari tas, ina ji da shi. Ranar da zai koma Kudu na tafi Gwiwa aiki, na dawo na tarar da ragona shuɗi tun daga ƙaho har wutsiya. Na ɗauki sanda na nufi gidan kawu, aka ce ai tun hantsi ya tsallake katanga ya yi tasha. Ko sallama bai tsaya ya yi wa kowa ba, har dakuwar da uwata ta daka masa ta guzuri ya bari. Na zauna na cinye ta don haushi.

Daminar da ta biyo baya uwata ta kwanta, ciwon bai daɗe ba Allah ya karɓi abarsa. Muka aika masa. Aka yi uku, aka yi bakwai, aka yi arba'in, babu shi babu labarinsa. Abin ya ci min rai, amma da aka ce min suna can tsakiyar ruwa inda saƙo ba ya isa, sai na sauke abin daga zuciyata.

Sai bayan kaka ya dawo, da kayansa gaba ɗaya, wai ya bar aikin. Ya zo gidana, ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya durƙusa.

"Yaya, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Gwaggo."

Na amsa, na yi masa tasa gaisuwar. Ban ga laifin wannan ba, ta'aziyya ba wurin wasa ba ce. Amma washegari muka haɗu a bakin masallaci, ya sake cewa, "Yaya, an tashi lafiya?" Na waiga in ga da wa yake. Mutumin da tunda ya iya magana bai taɓa ce min komai ba sai bawa! Na ce bari in taɓa shi in ji.

"Kan Tulu, ashe ruwan Kudu ƙara wa tulu girma yake yi?"

Ya yi ɗan murmushi ya sunkuyar da kai. "Haka ne, Yaya."

Wallahi da mari ya kai min da ya fi min sauƙi. Aka ɗauki makonni a haka. Na zage shi a gaban mutane, ya ce na gode. Na ɓoye masa takalmi a masallaci, ya tafi gida ba takalmi bai ce uffan ba. Na zauna na yi ta saƙawa da kwancewa, na ga abin ɗaya ne cikin biyu. Ko dai ya zama babban mutum, ladabin nan kuma katanga ce irin wadda masu kuɗi ke ginawa tsakaninsu da danginsu, in haka ne na rasa taubashi ke nan. Ko kuma wata gagarumar ƙeta yake dafawa, yana jira in saki jiki. Ruwa dai ba ya tsami banza. Kullum da safe sai na zazzage takalmina, na duba tankin babur, na leƙa garken tumaki. Matata ta ce in ban yi hankali ba zan haukace. Na ce mata ba ki san shi ba ne. Abin da ban gaya mata ba shi ne, addu'a nake yi Allah ya sa ƙetar ce.

Wata Asabar bayan azahar sai ga shi a ƙofar gida.

"Yaya, in kana da sarari, ka zo ka ga wani abu da na zo da shi."

Na ce a raina, yawwa, an zo wurin. Na hau babur da jakar aikina a ɗaure a baya, na bi shi.

Shagonsa na jikin zauren gidan kawu. Kafin in zauna sai da na ɗaga kujerar na duba ƙarƙashinta. An kawo wuta ranar, fanka na juyawa a sama. A kan tebur ga talabijin, ga rikoda, ga wani faffaɗan akwati mai maɓallai kamar tafireta, ga kuma wata 'yar sanda kamar giyar mota da jan maɓalli a gefenta. Wayoyi sun haɗa su duka. Ya ce wani Bature abokin aikinsa ne ya bar masa da zai koma ƙasarsu, wai kwamfuta ake ce mata, kuma wasa ake yi da ita. Ya sa kaset a rikodar ya danna. Maimakon waƙa sai wani ƙara ya tashi, tsiii, ƙirrr, kamar an taka wutsiyar kyanwa an ƙi ɗagawa.

"Wannan wane mawaƙi ne?" in ji ni.

"Haka yake yi, Yaya. Sai ya gama ihun sannan wasan ya fito."

Da a da ne, cewa zai yi muryata aka ɗauka ranar da sa ya take ni. Na jira, bai faɗa ba.

Ni fa tun farko ban ga abin wasa a nan ba. Wasa shi ne dara: ga abokin karawarka a gabanka, ga ramuka a ƙasa, ga 'ya'yanka ga nasa, kowa na gani. Amma ƙato da gemu ya zauna yana faɗa da hoto a gilashi? Na faɗa masa haka, ya ce gaskiya ne, amma in ɗan gwada.

Da ihun ya ƙare sai wani ɗan mutum ya bayyana a talabijin, bai fi fara girma ba, yana tsaye a tsakiyar ɗaki. Ya bayyana min: ɗan mutumin ni ne. Gida ne a ƙarƙashin ƙasa, ɗaki na bin ɗaki, in na sami matakala in sauka ƙasa, can ma wani gidan ne. In na karkata sandar sai ya tafi, in na danna jan maɓalli sai ya kai sara. Akwai macizai da jemagu da wasu ƙasusuwa masu tafiya, akwai kuma takobi da tulunan magani da ake tsinta a hanya. Jan layin da ke sama shi ne raina. In ya ƙare na mutu, duk abin da na tara ya tafi, sai in koma farko hannu rabbana.

"Ba a ɗaga wa mutum ƙafa?"

"Ba a ɗagawa, Yaya. Rai ɗaya ne."

Na kama sandar. Ɗan mutumin ya yi ta karo da bango kamar ɗan maraƙin da aka haifa yanzu. Da ƙyar na shigar da shi ƙofar dama, na tsinci tulu a lungu, na wuce wani ginshiƙi, maciji ya fito daga bayansa ya gama da ni kafin in tuna inda jan maɓallin yake. Ban damu ba. In akwai abin da nake taƙama da shi a duniya, to hanya ce. Ni da nake zuwa rugar da ke bayan Kanya Babba ta cikin gonaki ba tare da na tambayi kowa ba, hanyar da na bi sau ɗaya ta zauna ke nan. Ƙofar dama, tulu a lungu, maciji a bayan ginshiƙi. Na ce ya sake sa min.

Ɗan mutumin ya dawo. Na karkata sanda dama da ƙarfina, sai ya yi karo da bango. Babu ƙofa a dama. Ƙofa tana sama, ɗakin ma ya ƙara tsawo.

Na juya a hankali na dube shi. "Ina ƙofar?"

"Haka yake, Yaya. Duk mutuwa sabon gida yake ginawa."

"Wa yake ginawa?"

"Shi akwatin."

Na yi dariya har da buga cinya. Ni za a yi wa wala-wala? Na sha tsayawa a kasuwar Babura ina kallon masu karta uku, suna nuna wa baƙauye jar karta, ya sa ido, ya nuna, a buɗe a ga baƙa. Su ma cewa suke yi kartar ce ta canza. Ƙarfe da waya su gina gida? Wanda ya zana gidan nan sau ɗaya ya zana shi, in ya canza to hannun mutum ne ya canza shi, kuma mutum biyu ne a ɗakin. Raina ya ɓaci da ya ɗauke ni baƙauye, amma a ƙarƙashin ɓacin ran wani sanyi na ji ya ratsa ni. Ashe dai ƙetar ce. Ashe Kan Tulu na nan da ransa. Abin da ya rage kawai in kama hannunsa dumu-dumu, ya fashe da dariyar nan tasa mai kama da kukan jaki, mu koma yadda muke.

Na fara da kaset. Na lura akwai wasu a cikin kwali kusa da gwiwarsa, na ce lallai musanyawa yake yi in na shagala. Na fita na kwanto jakata daga babur, na ciro fentin shanu, na fitar da kaset ɗin da hannuna na shafa masa shuɗi a baya. Na ce ya kashe komai ya kunna daga farko. Ya ce to. Muka sake zama muna sauraron kyanwar nan har ta gama. Ɗan mutum ya fito a wani ɗaki mai ƙofa uku wanda ban taɓa gani ba. Na buɗe rikoda, ga shuɗina bai ko bushe ba.

Na ce to maɓallan ne. Na sa ya ja kujerarsa baya har jikin bango. Ya ja. Na mutu, gida ya canza. Na ce ya ɗora hannuwansa a kan gwiwa inda zan riƙa ganinsu. Ya ɗora. Ido ɗaya a talabijin, ido ɗaya a kansa, jemagu suka taru suka cinye ni a banza, gida ya sake canzawa. Duk abin da na ce, amsa ɗaya ce: "To, Yaya." Na ce a raina, kai, yaron nan ya ƙware a Kudu, ko gezau.

Wani abin haushi kuma, ina cikin farautarsa wasan ya fara kama ni. Na gane jemage ba a binsa, a bakin ƙofa ake tsayawa ya zo da kansa. Na gane maciji sai ya ɗan ja baya kafin ya kawo sara, a nan ake riga shi. Hanya ba ta zama, amma halin abokan gaba na zama, kamar dai shanu: garke ya bambanta, amma mai harbi da ƙafa ko'ina ka gan ta ka san ta. Har na sami matakala na sauka hawa na biyu, na tsinci wani koren tulu, na ce magani ne na shanye. Jan layina ya zube kamar an huda shi. Ni da ban taɓa shan abin da ban shinshina ba, guba na ɗaga na kwankwaɗa da hannuna! Na waiga da sauri, don na tabbata wannan kam ba zai iya riƙe dariya ba. Yana zaune yana kallon tabarma.

Aka kira la'asar. Na fitar da shi gaba, na kulle shagon da kaina, na jefa makulli a aljihu. Ko a sahu ban yarda ya yi nisa da ni ba. Muka dawo na buɗe, na duba wayoyi ɗaya bayan ɗaya, na leƙa bayan talabijin ko ya ɓoye wani a can. Na kama sanda, na mutu, gida ya canza.

A nan ne na tuna da igiya. A garinmu in watan cika-ciki ya kama, taubasai kan bi juna da igiya, wanda aka kama a ɗaure shi sai ya fanshi kansa. Tun muna yara ban taɓa samun sa'ar ɗaure shi ba. Ya taɓa cizona a hannu, ga tabon har yau. Ya taɓa hayewa tsamiya ya wuni a can yana jifana da 'ya'yanta. Shi kam ya fi yarda a ce ya mutu da a ce bawa ya ɗaure shi. Na ce to ga inda ƙaryar ladabi za ta ƙare. Na zaro igiyar da nake kayar da bijimai da ita daga jaka, na warware ta a gabansa a hankali, na tare ƙofa, ina kallon taga don na san ta nan zai yi tsalle.

"Tunda hannunka ba ya jin magana, ɗaure shi zan yi."

Ya dubi igiyar, ya dube ni. Sai ya haɗa hannuwansa biyu ya miƙo min.

"Ga su, Yaya."

Ba haka na so ba. Amma na riga na faɗa, ba na komawa. Na ɗaure hannuwan, na zagaya igiyar ta ƙirjinsa na haɗa shi da kujerar, na yi ƙullin da ko bijimi ba ya kwancewa. Ina yi ina jiran ya kai min cizo, ko ya tofa min zagi, ko da guda ɗaya. Jikinsa sake yake kamar na mara lafiya. Ina cikin haka kawu ya leƙo zai wuce, ya gan mu, ya yi dariya har da riƙe ƙofa.

"Madalla! Ashe kun dawo hayyacinku. Ɗaure shi da kyau, ɗan nema."

Na ce, "To, Kawu," ya wuce yana dariya. Ni kam ban ga abin dariya ba.

Na zauna na kama sanda. Ban ma yi wani ƙoƙari ba, na kai ɗan mutumin gaban maciji na tsaya har ya kashe shi. Allon ya yi duhu ya dawo. Sabon ɗaki, dogo, da ƙofa a ƙasa. Hannun kowa bai taɓa komai ba.

Ashe akwatin nan da gaske yake yi. Shi yake gina gidansa, shi yake rushewa, babu ruwan kowa. Ban taɓa jin haushin gaskiya irin na ranar ba. Domin in babu wala-wala, to babu ƙeta, in kuwa babu ƙeta, ladabin nan na gaske ne. Duk makonnin da na yi ina zazzage takalmi, babu wanda ya sa min komai a ciki. Na ture sandar, na juyo da kujerata na fuskance shi.

"Kai, me na yi maka?"

"Ba komai, Yaya."

"Kada ka ƙara ce min Yaya! Ni yayanka ne? Tabarma ɗaya muka yi fitsarin kwance a kai. In kuɗi ka yi, gaya min in san matsayina. In wani laifi na yi maka, faɗe shi a nan. Uwata ta tafi, ban ce komai ba, na Allah ne. Kai kuma da kake raye ka dawo min da gaisuwa kamar wani baƙon malami? Wallahi na gaji."

Ya sunkuyar da kai. Da ya buɗe baki, muryar ba tasa ba ce.

"Ranar da na shafa wa ragonka fenti, Gwaggo ta aiko a kira ni. Ta ce in zo mu yi sallama in karɓi guzurina. Na ce in na shiga gidan za ka iya dawowa ka ritsa ni. Na tsallake katanga ina dariya. A mota ma dariya nake yi har Kano." Ya girgiza kai. "Ban ƙara ganinta ba. Matar da ta goya ni ta kira ni, na ƙi zuwa saboda wasa. To da wane bakin zan sake yin wasa?"

Ya nuna talabijin da haɓa, tunda hannu a ɗaure yake. "Da saƙon ya iske ni, wannan abin na yi ta yi a can, don kada in yi tunani. Kullum ka dawo, gidan ba yadda ka bar shi ba. Na kira ka ne kawai don ban san yadda zan zauna da kai ba in ba da wani abu a gabanmu ba."

Tausayinsa ya kama ni. Amma na san shi. In na ce masa ya yi haƙuri, Allah ya yafe, zai ce na gode Yaya, mu rabu a haka har tsufa. Na gyara zama.

"Amma kai dai sakarai ne, Kan Tulu. Girman kan ne kawai, ciki babu komai. Ka san abin da ta yi da ta ga ragon? Zama ta yi daɓas a tsakar gida tana dariya har da hawaye. Ta hana a wanke shi. Ta aika aka kira matan maƙwabta su zo su ga aikin ɗanta, haka ta ce, ɗanta, ni ina tsaye da sanda kamar wawa. Da aka ce ka tsallake katanga cewa ta yi, gara da ya gudu, da wannan mai baƙar zuciyar ya karya min shi. Tana kwance ma, in jikin ya ɗan yi sauƙi, sai ta ce a ba ta labarin shuɗin rago. Ni na sha kunyar, kai kuma ka zo kana yi min zaman makoki a kai."

Ya ɗago ya dube ni.

"Dakuwar kuma ni na cinye," na ce. "Duka. Ta sa mata barkono daidai yadda kake so. Ban taɓa cin mai daɗinta ba."

Sai kuka ya ƙwace masa, irin na manya, mai fitowa daga ciki. Hawaye na zuba, hannu a ɗaure, babu halin sharewa. Ban kwance shi ba. Taubashi ba a kwance shi sai ya fanshi kansa, kuma bai fansa ba tukuna. Na juya masa baya don kada in sa masa ido, na jawo sandar, don ni ma idona ya cika kuma ba na so ya gani.

Wasan da na yi a lokacin ban taɓa yin irinsa ba. Na tsaya a bakin ƙofa jemagu suka zo na sare su. Na tsinci takobi mai tsawo, na ga koren tulu na ce Allah ya kiyaye, na wuce. Na sauka hawa na biyu, na sauka na uku. A bayana kukan ya ragu, ya koma jan hanci, daga nan shiru. Ban waiga ba. Na sami garkuwa, ƙasusuwan nan suka taso min su da yawa na bi ta kansu. Gumi ya jiƙa min riga, na miƙe tsaye ban sani ba, ina cewa, matso, matso ka gani! Jan layina cike, ga wata babbar ƙofa a gabana wadda ban taɓa kaiwa ba, na karkata sanda zan shiga.

Ɗif! Talabijin ya mutu.

Na yi salati. Takobina, garkuwata, duk wahalar nan! Na ɗaga kai sama, sai na ga fanka na juyawa abinta. Na waiga.

Yana nan ɗaure a kujera yadda na bar shi, ido jawur, fuska duk hawaye. Ya zame ƙasa kaɗan ya miƙe ƙafa ɗaya har gindin bango, ga wayar talabijin a maƙale tsakanin babban yatsansa da na kusa da shi, tana lilo.

"An ɗauke wuta, bawa," in ji shi.

Na ɗauki takalmina na yi kansa, yana ihu yana dariyar jakin nan, kujera ta kife da shi. Kawu na daga cikin gida yana cewa kada dai mu fasa masa ƙofa.